Motar da Ta Shiga Lungu

Da hantsi manajan wani kamfanin rarraba magunguna ya shigo caji ofis yana share gumi. An sace musu mota mai firiji cike da allurar masu ciwon suga, kuma in firijin ya mutu maganin ba zai kai yamma ba. Direban motar na biye da shi, rigarsa a yage.

"Su uku ne, da bindiga," in ji direban. "Suka jefar da ni a bakin hanya."

"Babu na'urar bin sawu a motar?" Sufeto ya tambaya.

"Akwai, ranka ya daɗe. Tun safe ta yi shiru, sai yanzu ta dawo." Manaja ya miƙa masa waya. Wani jan ɗigo na jan jiki a kan taswira.

Sufeto ya ƙura ido. Ya san unguwar sarai. Lungun da ɗigon yake ciki, ko baro da ƙyar yake wucewa.

"Motar taku ƙafa gare ta?"

Aka kira injiniyan da ya saka na'urar a waya.

"Yallaɓai, tauraron ɗan'adam ba ya ganin mota, sigina kawai yake aikowa daga sama. Na'urar ce ke sauraron huɗu ko fiye, ta auna lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa inda take, sannan ta turo mana ta layin waya."

"To me ya rufe mata baki tun safe?"

"Ko an shiga da ita ƙarƙashin gini, ko an naɗe ta da abu na ƙarfe. Tana da batirinta."

Sufeto ya ce direban ya jira, ya ɗauki Saje suka fita. Suka bi ɗigon a ƙafa. Ya shiga kwana, ya dawo, ya zagaye famfo sau biyu. Saje ya juya wayar sama da ƙasa, ko su ne suka riƙe ta a baibai.

A ƙofar wani tela ɗigon ya tsaya. Wani tsoho mai tsafta na zaune a benci. A aljihunsa suka sami baƙar na'ura da guntun takardar alminiyum.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Na zaci abinci aka naɗe. Kai ɗan wa ne?"

"Ina motar?"

"Wace mota? Ni keke nake hawa."

Sufeto ya cire hula ya sosa kai. Yana cikin haka sai ga wata mata da kayan nas tana sauri, idonta a kan waya. Ta ce mahaifinta ne, yana da ciwon mantuwa.

"Yaya aka yi kika same shi?"

Ta nuna agogon hannun tsohon. "Makon jiya na saya masa. Yana nuna min inda yake."

"Agogon yana ajiye bayanin inda ya je?" in ji Sufeto.

Ta buɗe taswira a wayarta, sai ga layin tafiyar tsohon. Da safe layin ya tashi daga gida da gudun mota, ya tsaya a wasu tsofaffin sito na bayan gari, sannan ya komo. Ta yamutsa fuska.

"Ban gane ba. Aikin safe na yi, wurin Yayana na bar shi."

"Me Yayan naki yake yi?"

"Direba ne a kamfanin magani."

A sito na uku suka sami motar, firijinta na ci gaba da aiki.

Da suka koma ofis, direban ya ga mahaifinsa da ƙanwarsa, sai ya zauna a ƙasa.

"Wani ne ya ce zai sayi kayan da yamma," ya ce murya ƙasa-ƙasa. "Na cire na'urar na naɗe, na ajiye a kujera. Babu wanda zan bar wa Baba, shi ya sa na ɗauke shi. Na ɗauka agogo ne kawai."

Saje ya sa masa ankwa, ya ja shi. Tsohon ya bi su da kallo, sannan ya taɓa hannun Sufeto.

"Ɗana, in kun gama ku dawo da shi da wuri. Shi ke yi min wanka."