Kwat Ɗin Kaka Firmin

Kwana uku da barin gari, Bastien Galey ya sauke mutanensa goma sha ɗaya a bukkar makiyaya, gab da mashigar tsaunin da ke ɓullewa Sifaniya. Shekararsa tara yana jan masu yawo ta wannan hanya, inda kakansa Firmin ya riƙa tsallakar da masu gudun Jamusawa lokacin yaƙin duniya. Kullum da kwat ɗin tsohon yake hawa, baƙin ulu mai nauyi, baƙi su yi ta ɗaukar sa hoto.

Nadège, abokiyar aikinsa, tana yanka cuku ta ce, "Jikan jarumi, ruwa ya ƙare. Ko jarumta ta hana ɗaukar jarka?"

"Ke dai kar ki ƙona miyar kamar jiya."

Ya gangara maɓuɓɓuga, wadda ke gefen wani rami mai zurfi. Rana ta faɗa bayan dutse, hazo ya fara taruwa. Ƙararrawar shanun da ke kiwo can ƙasa ta ɗauke ɗif.

Wari ne ya fara tarar sa, irin na mushen tunkiya haɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ya toshe hanci, ya tara jarka. Ruwan ya zo da yauƙi. Wani abu ya nannaɗe masa yatsu. Ya ɗaga hannu ya duba. Gashin mutum ne, dogo, da furfura.

Ya yarfe hannu.

Sai ya ji taku. Ƙwas. Ƙwas. Takalmin birni a kan dutse.

Mutum huɗu suka fito daga hazon, da akwatuna, cikin kayan mutanen da. Mace ce a gaba. Fuskarta ta kumbura kamar burodin da ya kwana a ruwa.

"Firmin," ta ce cikin raɗa, "mun kusa?"

Ya ja da baya.

Ta ce, "Kai ka ce iyaka tana bayan ramin nan. Ka ce mu matsa mu leƙa."

Ta matso. Baƙin ruwa na ɗiga daga bakinta. Ta shafa wuyan kwat ɗin.

"Ni na ɗinka maɓallin nan. Mijina na jin sanyi."

A bayanta wani mutum na tsaye daga shi sai 'yar shara. Rabin kansa a fashe. Wani abu fari na motsi a ciki.

Yatsunta suka zura cikin wuyan Bastien. Sanyi ƙalau. Fatar ta saɓule ta manne masa.

Ta ja shi wajen ramin.

Ya zame hannuwansa daga kwat ɗin, ya bar mata shi. Ya rarrafa, ya miƙe, ya zura da gudu. Bai tsaya ba sai ƙofar bukka, inda ya durƙusa yana kwara amai.

"Ina ruwan?" in ji Nadège. "Kai, wannan warin fa?"

"Kada kowa ya je can."

Washegari ya tsallakar da mutanensa. Da ya koma gida ya wuce wurin gwaggonsa Honorine, 'yar Firmin ta fari. Ya same ta tana ɓare wake.

"Gwaggo, a ina Kaka ya samo kwat ɗin nan?"

Ba ta ɗago ba. "Akwai agogo ma, da akwatuna a saman rufi. Uwarmu ba ta taɓa yarda ya shigo mata ɗaki da kwat ɗin ba."

"Kina kallo ina sa shi shekara tara!"

"To, ai ya yi maka kyau."

Bastien bai sake jan kowa ta hanyar ba. Har yau yana gogar wuyansa da sabulu sau uku a rana, kuma ba ya cin abinci a gidan gwaggon.