Duwatsun Iyaka

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki dab da magariba, lokacin da kaji ke shiga akurki. Injiniya ya ji ƙarar, bai ko ɗaga kai ba. Tun da matarsa ta rasu yake jin komai kamar a gidan maƙwabta ake yi.

Ba injiniyan gaske ba ne. Tsokana ce ta maƙwabta, don shi kaɗai ne manomin da ya tsara gonarsa kafin ya ɗauki fartanya. Kashi biyar ya yi mata, gwargwadon yadda ƙafa ke zuwa. Bakin ƙofa, inda ake bi kullum, nan ne lambun alayyafo da tumatir da na'ana'a. Gaba kaɗan kaji, ramin taki da bishiyoyin lemo. Sai gonar hatsi, sai wajen kiwo da itacen girki. Kashi na biyar kuwa, can ƙarshe, ya kewaye shi da duwatsu, ya shafa musu farar ƙasa, ya ce ba sara ba shuka, wannan na tsuntsu ne da ƙwaro da duk wanda Allah ya kawo.

Lambun ƙofa na marigayiya ne, shi ya sa ya kasa kallonsa. Sai ya koma fita ta ƙofar baya, ya miƙe har kashi na biyar, ya zauna gindin wata tsohuwar bishiya. Da farko zama kawai yake yi. Daga baya ya sare ciyawa, ya kai benci, ya kai buta, har wuta yake hurawa. Autarsa, wadda ita kaɗai ta rage a gabansa, takan rufe masa abinci ta ajiye. Yakan ci, amma da za a tambaye shi abin da ya ci, ba zai iya faɗa ba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai kwano ya amsa, da safe kuma a tarar da duwatsun a jere gaban ƙofa, farin gefensu na sama. Ya gane su sarai, da hannunsa ya shafa musu farar ƙasa. Layin yana ta tsawo yana lanƙwasa, har ya kusa zagaye gidan.

Yayarsa ce ta zo ta ga abin da shi bai gani ba.

"Kai, yaushe rabon yarinyar nan da magana?"

Ya yi ta lissafi, bai samo ranar ba.

A yammacin nan dutsen ƙarshe ya faɗo, layi ya haɗe. Auta ta fito ta tsaya tsakiyar busasshen lambu, idanu a kafe, tana wani gunji daga ƙirji. Yaya ta yafa mayafi ta tafi ɗauko Malam.

Malam dattijo ne marar gaggawa. Ya dubi duwatsun, ya tsallaka da bisimilla, ya zauna ya fara karatu. Gari ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Can yarinyar ta durƙushe, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa ya kawo mu ba."

"Me kuke nema a jikin marainiya?"

"Tambayi uban. Ko'ina an sare an ƙone an kore mu. Shi ya ware mana wuri da bakinsa. Muka zauna lafiya, sai ga shi da benci da wuta a tsakar gidanmu."

"Sai ku shigo nasa?"

"Dokarsa muka bi. Ya ce inda ƙafa ba ta zuwa, namu ne. Muka duba gonar nan kaf, ba mu ga inda aka bari kamar bakin ƙofar nan ba. Yarinyar ma a ciki muka same ta."

Injiniya ya ji maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi, amma ko hawaye bai zo ba.

"Ku fita," in ji Malam. "Mutum ba fili ba ne."

"A bar mana ƙofar, ya riƙe bishiyar."

"Ba za a yi ba."

Malam ya ci gaba da karatu, har muryar ta fara rawa.

"To, ya kwashe bencinsa. Ya mayar da duwatsu da hannunsa. Amma ranar da ƙafa ta sake ɗaukewa daga nan, ba sai an kira mu ba." Idanun suka juyo kan uban. "Kai mai tsari, me ya sami hannunta na hagu?"

Bai sani ba. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin goggonta.

Washegari Injiniya ya yi ta jigilar duwatsu a baro, ya dawo da benci a ka. Da ya gama sai ya zagayo ta ƙofar gaba. Komai na lambun ya mutu, ban da ɗan kurmin na'ana'a a lungu, kore shar. Auta na tsugune wajen, tana zuba masa ruwan wanke-wanke. A bayan hannunta na hagu akwai tabon ƙuna, babba, har ya warke ya yi fari.

Ya tsuguna kusa da ita.

"Auta, yaushe wannan ya faru?"

"Ranar da na fara girki ne, Baba." Ta ci gaba da zuba ruwan. "Ai na nuna maka."