Jan Biro a Kan Kalanda

Da hantsin Laraba Shugabar ƙungiyar iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida ta faɗo ofishin Sufeto, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ranka ya daɗe, an kwashe mana fayil-fayil! Aikin shekara guda na yara goma sha ɗaya. Gobe ƙarfe huɗu za a rufe karɓa a ofishin ilimi. In ba mu kai ba, duk sai sun maimaita shekara."

Sufeto ya ture shayinsa da ya riga ya huce. Shi dai tun da matarsa ta rasu, bai ƙi duk abin da zai fitar da shi daga wannan ɗakin ba.

Ƙungiyar na taruwa ne a wani ɗan ɗaki bayan laburare. Da suka isa, suka tarar durowar da ake ajiye fayil ɗin na buɗe, ba a fasa makulli ba.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni kaɗai. Amma akwai wani a ƙasan tukunyar fulawa, duk 'yan ƙungiya sun san da shi."

"To ai da ma ba kulle kuke yi ba, Hajiya."

A bango akwai kalanda, wani yaro ya yi lissafi da fensir a gefenta. An gyara amsar da jan biro, har da ɗan tauraro.

"Wa ke gyara da ja?"

"Ba kowa. Dokarmu ce, fensir kawai. Ja na karya wa yaro gwiwa."

Maigadin laburaren ya rantse jiya bai bar bakin ƙofa ba, kuma ko kaza ba ta shiga ba.

"Kullum ƙarfe biyar kana wajen mai wankin mota kuna dara, kowa ya sani," in ji Sufeto. "Me ka gani kana dawowa?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Jaka dai na gani, yallaɓai. A hannun Inna Malama."

Shugaba ta yi bayani da sanyin jiki. Inna Malama ta yi shekara talatin tana koyarwa kafin ta yi ritaya. Albarkacin jikanta ta shiga ƙungiyar, kuma duk Talata a falonta ake darasi. Watanni uku da suka wuce uban yaron ya ɗauke shi zuwa wani gari. Tun da dokarsu ta ce sai mai yaro a gida, aka soke sunanta daga jerin.

"Akwai wanda ya leƙa ta?"

Shugaba ta sunkuyar da kai.

Da Sufeto ya isa gidan Inna Malama, ta buɗe ƙofa kafin ya gama ƙwanƙwasawa. A falon ƙananan kujeru na jere, an goge su tas.

"Jiya kin je laburare, Inna?"

"Ni? Ƙafar nan ko shago ba ta kai ni, ɗana."

"Ara mini biro in rubuta hakan."

Ta zaro daga jakarta ta miƙa masa. Ja ne. Suka kalli biron tare, ta yi ɗan murmushin da ya sa Sufeto ya ji kunya.

Ta shiga ciki ta fito da fayil ɗin goma sha ɗaya a rungume.

"Ban taɓa musu da ja ba, da fensir na duba. Wancan na kalandar hannu ne ya riga ni. Gaisuwa na je, na tarar ba kowa, sai na ga rubutunsu. Na ce in na ɗauka, dole wani zai zo nema." Ta dubi kujerun. "Ban zaci ɗan sanda za su turo ba."

Sufeto ya kira Shugaba ta zo ta karɓi kayanta. Ta karɓa daga bakin ƙofa, ta kasa shiga.

"Sai kin biyo ni ofis, Inna, a rubuta bayani," in ji Sufeto.

Ta yafa mayafinta, ta kulle gidan.

"Za a daɗe ana yi mini tambayoyi?"

"Za a ɗan daɗe."

"To madalla," ta ce. "Wata uku ke nan ba wanda ya tambaye ni komai."