Kada Ka Buga, Amedeo

Ranar da Danilo ya fara ganin Ilenia, garin Torre Salina ba ya cikin hayyacinsa.

Da safen nan kocin Gabbiani, ƙungiyarmu ta besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da gora, ya fitar da sunayen waɗanda za su kara da Valcorva a wasannin kusa da ƙarshe. Babu sunan Fulvio. Fulvio ɗan gari ne, ya daɗe yana babban mai jifan ƙwallo. An maye gurbinsa da Yorman, wani yaro da aka ɗauko daga Venezuela.

Shagon kofi na Sor Amedeo, wanda ke kallon ƙofar filin wasa, ya cika maƙil. Kowa ya zama koci.

"An saye shi!" in ji wani mai kamun kifi. "Na rantse an saye kocin nan."

"Ba saye ba ne, hauka ne. Wa ke tunkarar Valcorva da baƙon hannu?"

Sor Amedeo ya daki tebur. Da ƙuruciya shi ne mai cafe ƙwallo na Gabbiani, yatsunsa duk sun karkace. Yanzu shi ne shugaban magoya baya.

"Ni na koya wa yaron nan riƙe ƙwallo," ya ce, yana nuna Fulvio da ke zaune a lungu. "Da hannun nan!"

Danilo kofi kawai ya shigo sha. Makanikin injin jirgin ruwa ne, ba mai magana ba, kullum fuska a murtuke. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Koci ya yi daidai. Hannun Fulvio ya mutu tun watan Yuni."



Ilenia, yarinyar da ke bayan kantar shagon, ta ajiye masa kofin. Ta cije leɓe, dariya na neman ƙwace mata. Ya dube ta. Ya manta da sukari.

"Ɗan wa ne wannan?" in ji Sor Amedeo.

"Uwarsa 'yar Valcorva ce," Fulvio ya amsa daga lungu.

"A'a, to! Shi ya sa. Shanye ka fita, samari. Kada in ƙara ganinka a shagona, kada in gan ka a rumfarmu ta fili."

Danilo ya shanye, ya fita. A bakin ƙofa ya waiwaya. Tana kallonsa.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo.

"Lambarka na jikin ƙofar garejinka. Ni ce 'yar mai shagon da ya kore ka. Kai kullum haka kake, kamar hadari ya haɗo?"

Ya daɗe yana kallon saƙon. Tarko ne? Fulvio ne ya sa ta? Ya rubuta: "Me kike so?"

"Ka ji shi! In ce maka ka faɗi gaskiya. Hannun ya mutu. Amma kada ka ce ni na ce."

Tun daga nan ta sa masa suna Hadari.

Suna haɗuwa a ƙarshen gadar jirage da rana, lokacin da gari ke barcin bayan abinci. Takan kawo masa soyayyen kifi a takarda. Ita ke surutu, shi yana ci.

"Baba ya riga ya zaɓa min Fulvio," ta ce wata rana. "Tun ina firamare yake kiransa suruki."

"Ke fa?"

"Ni na zaɓi mai ɓata rai."

Bai yi murmushi ba, amma kunnuwansa suka yi ja.

"A fili ba zan iya taɓa waya ba," ta ce. "Kujerunmu na bayan mai cafewa, Baba a damana, Mama a haguna. Kai ka hau tudun da ke bayan shinge. Ka zo da madubin hangen nesa na jirgi. Duba nan."

Ta taɓa bakin hularta. "Na gan ka." Ta ja kunne. "Ina kewarka." Ta buga ƙirji sau biyu.

"Wannan fa?"

"Sai ka girma."

"Wa ya koya miki?"

"Sirri ne."

Fuskarsa ta ɗaure. "Fulvio?"

"Kai, Hadari! Kishi kamar tsohon zakara. Kai dai in ka gani ka ɗaga hula sama sosai, don in hango."

Wasan farko, Danilo ya hau tudu shi kaɗai. Ya saita madubi. Ga ta nan, cikin shuɗiyar riga. Ta taɓa hula. Ya ɗaga tasa. Ta ja kunne. Ya ɗaga. Bai san wa ke bugu ba, bai san wa ke gudu ba.

Valcorva suka lallasa mu. Duk ƙwallon da Yorman ya jefa, kamar an raɗa musu a kunne.

Wasa na biyu ma haka.

A shagon Sor Amedeo aka rabu gida uku. Wasu suka ce Yorman ba shi da hannu. Wasu suka ce koci ne ya bar shi ya daɗe a fili. Na uku suka ce ana satar alama. Mai cafewa yana tsugune ne bayan mai bugu, da yatsu yake nuna wa mai jifa irin ƙwallon da zai sako. Babu mai ganin yatsun nan sai mai jifa. Sai kuma wanda ke can bayansa, a kan tudu, idan yana da madubi.

Nan Fulvio ya fito da wayarsa.

Hoto ne. Danilo a kan tudu, madubi a ido, hula a sama. Kafin azahar ya zaga kowace waya a garin.

"Ɗan 'yar Valcorva," in ji Sor Amedeo a hankali. "Shi ya ce a cire Fulvio. Shi ya ce a sa baƙo. Yanzu na gane."

Washegari Danilo ya tarar an rubuta "maci amana" da jan fenti a ƙofar garejinsa. Mai burodi ya ƙi amsa gaisuwarsa. Wani tsoho da ya san shi tun yana rarrafe ya tsartar da yawu a gabansa.

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Wato ya ce ga wadda yake kallo. Amma kalmar nan za ta faɗa kan Ilenia, a gaban ubanta, a gaban gari. Ya ɗauko fetur da tsumma ya kama goge fentin.

Saƙonta ya shigo yana tsakiyar goga.

"Fulvio ya nuna mana bidiyo. Ka ɗaga hula, nan take 'yan Valcorva suka buga ƙwallo ta haura shinge. Danilo, gaya min gaskiya. Ni kake kallo, ko yatsun mai cafewa?"

Danilo ta ce, ba Hadari ba.

"Ke ma?"

"Ba zarginka nake ba. Tambaya nake. Kai ne ba ka magana, ta ina zan san cikinka?"

"Fulvio yana magana. Ki saurare shi."

Bai ƙara rubutu ba. Ita ma haka. Shi yana can yana ganin da ma can wasa take da shi. Ita tana nan tana tuna yadda ya karɓi shawarar tudu ba musu, da sauri haka.

Uwarta, Sora Marisa, ta same ta a kicin tana yanka albasa, hawayen sun fi ƙarfin albasar.

"Yaron tudun nan," ta ce, "alamun da na koya miki ne?"

Ilenia ta sunkuyar da kai.

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ba ki sani ba? An shafa masa fenti a ƙofa, an tofa masa yawu, bai ambaci sunanki ba. Ɓarawon alama da tuni ya fake da ke. Share fuskarki."

Wasa na uku ranar Lahadi ne. In muka faɗi, an fitar da mu.

Danilo ya hau tudu. Bai san dalili ba. Ƙin zuwa zai zama amsa laifi. Ko kuma dai yana son ya gan ta ne, ko da ba za ta dube shi ba.

Ba a daɗe da farawa ba ya ji takun mutane a bayansa. Sor Amedeo ne, yana haki, Fulvio a gefensa, da wasu maza biyar ko shida.

"Miƙo."

Danilo ya miƙa madubin.

"Yau zan ga abin da kake sayarwa," in ji Sor Amedeo. Ya kafa madubin a ido.

Mai cafewa bai fito a madubin ba. An saita abin sama da shi. Abin da ya fito sarai shi ne kujerarsa, babu kowa a kai. Da 'yarsa.

Ilenia ta hango cincirindon a kan tudu. Ta miƙe tsaye a gaban dukan rumfar. Ta taɓa hula. Ta ja kunne. Ta buga ƙirji sau biyu, da ƙarfi.



Sor Amedeo ya san alamun nan. Shi ya ƙirƙiro su. Yana saurayi, yana tsugune a fili, mahaifin Marisa ya hana shi ko gaishe ta. Da hula da kunne da ƙirji ya yi zawarcinta kakar wasa biyu.

Sai matarsa ta miƙe a gefen yarinyar. Ta dubi tudun kai tsaye, don ta riga ta san idon wa ke cikin madubin. Ta shafa hannun hagu daga kafaɗa zuwa ƙasa, ta taɓa hanci. Tsohuwar alamar Gabbiani ce, wadda koci ke yi wa mai bugu in zuciya ta ɗebe shi.

Kada ka buga. Bar ta ta wuce.

"Me ka gani, Sor Amedeo?" in ji Fulvio. "Ana ganin yatsun, ko?"

Kafin ya amsa aka ji ƙarar gora. Ƙwallo ta taso sama, ta haura shinge, ta faɗo cikin ciyawa kusa da ƙafafunsu. Rumfar Valcorva ta ɓarke da ihu.

Danilo ya dubi ƙwallon. Ya dubi hularsa, wadda ke kansa ba ta motsa ba.

"Wannan wa ya ba su?" ya ce. "Ku ne da madubi."

Wani daga cikin mazan ya fashe da dariya, ya toshe baki.

Sor Amedeo ya sauke madubin. Idanunsa sun kaɗa.

"Ku sauka," ya ce wa sauran. "Har kai, Fulvio. Hoton nan kai ka yaɗa shi, kai za ka bi gari ka janye shi. Fentin kuma in an yi bincike, ina jin za a samu ragowarsa a gidan wani."

 Fulvio ya sauka.

Suka rage su biyu.

"Me ya sa ba ka faɗa ba, yaro?"

"Ba sunana kaɗai ba ne."

Tsohon ya dube shi. "Ka san ma'anar ƙirji sau biyu?"

"Ta ce sai na girma."

"Girma ya same ka yau." Ya miƙa masa madubin. "Duba. Har yanzu tana tsaye, kamar uwarta. Ɗaga hular nan kafin ta sume min."

Danilo ya ɗaga hula sama, har inda hannunsa ya kai.

Muka sha kashi a ranar. Aka fitar da mu. Koci ya tsere ta ƙofar baya. A shago aka ci gaba da gardama, sai dai ba wanda ya ƙara zancen satar alama.

Saƙonta ya zo kafin ya kai gindin tudu.

"Ka yafe min, Hadarina. Na yi shakka."

"Ni ma na yi. Mun yi kunnen doki."

"Ka gane ma'anar ta uku?"

"Na gane. Gobe zan zo wajen Baba."

Ya zo da uwarsa, 'yar Valcorvan nan, ɗauke da kwanon taliya da ta murza da hannunta. Sor Amedeo ya ci, ya ƙara, ya ce ba laifi, duk da daga can ta fito. Da Danilo ya nemi auren, tsohon ya harɗe hannuwa.

"Tambaya ɗaya. Da Fulvio ne ya jefa, da mun ci?"

Ilenia ta taka ƙafar Danilo a ƙarƙashin tebur.

"A'a," in ji shi. "Da mun fi shan kashi."

"Ka ji mara kunya! Marisa, kin ji wanda za ki kawo min gida?"

"Na ji," in ji ta. "Kai ma haka ka ce wa babana."

Sor Amedeo bai ce e ba. Ya dubi yaron, ya taɓa hula, ya dunƙule hannu ya kaɗa shi gaba. Duk ɗan Torre Salina ya san wannan. Buga.

An ɗaura auren da bazara, ana gab da buɗe sabuwar kakar wasa. Da suka fito daga majami'a, 'yan Gabbiani suka jeru suka haɗa gorori sama, ango da amarya suka ratsa ta ƙarƙashi ana watsa musu shinkafa. Yorman na cikin masu riƙe gora. Mai burodi ne ya yi kek, ya ƙi karɓar godiya.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," in ji Sor Amedeo, yana rungume da su biyun. "Ya ba ku 'ya'ya masu hannu. Ya kuma ba garin nan koci mai hankali."

"Amin," in ji Danilo. "Amma wancan kocin ya yi daidai."

Ilenia ta dube shi ta cikin farin mayafi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taku ɗaya ba. Duk da haka ta buga ƙirji sau biyu.

Hadari ya yi murmushi. Gari duka ya gani, ba da madubi ba.