Likkafanin da Godiya Ta Ɗinka

Ranar da Nehemiya ya fara shiga shagon Godiya a Nukkai, a tsugune ya same ta, tana tsoma sabon farin yadi cikin ruwan shayi tana murza shi da dutse.

"Baiwar Allah, laifin me yadin nan ya yi miki?"

"Tsufa nake so ya yi," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai ne gawar?"

Shi ne kuwa. Matasan cocinsu za su yi wasan kwaikwayo na bikin Ista, har da mai kyamara, aka ce Nehemiya mai sayar da kayan babur ya fito a Li'azaru, wanda ya mutu aka tashe shi. Godiya ce ke ɗinka kayan 'yan wasa: alkyabbar sarki, tsumman mahaukaci, hular sojan Roma ta kwali.

Ta auna shi daga wuya zuwa diddige. Shi gabansa sai bugawa yake, ita kuwa kamar buhun masara take aunawa. Tun rasuwar mahaifiyarta haka ta koma. Abinci ba ɗanɗano, ba dariya, ba kuka. Allura ma kan shige mata yatsa, sai ta ga jini a yadi sannan ta sani. Matan unguwa, kun dai san su, suka ce wai ko a bakin kabari idonta ƙayau.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Telata, kin auna tsawona da faɗina, kin manta abin da ke bugawa a ƙirjina."

Ta mayar masa: "Gawa ba ta surutu. Ka zo gwaji ran Talata."

Ya zo ran Talata. Ya zo ran Laraba da ba a kira shi ba, da rake a hannu. Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ya tafi ba. Kujera dai aka ga ta ajiye kusa da keken ɗinki, kuma ba mai zama a kai sai shi.

Ranar wasa, ana dab da ɗaga labule, likkafanin ya ɓarke a kafaɗa. Nehemiya na kwance a naɗe, Godiya ta durƙusa ta hau ɗinke shi a jikinsa, yadda masu wannan aiki suka saba. Sai ga Mama Esta, uwarsa, ta leƙo da gorar kunu.

"Yesu na! Ɗana da ransa kike ɗinke shi cikin likkafani?"

Kunu ya tafi ƙasa. Daga ranar Mama Esta ta kafe, ɗanta ba zai auri Godiya ba. Ɗinki a jikin mai rai tsiya yake jawowa, balle na likkafani. Yarinyar da ba ta yi wa uwarta kuka ba, mijinta za ta yi wa? Ga Rejoice nan da ta fito a Marta, 'yar'uwar Li'azaru, hawaye kamar famfo, me zai hana shi aurenta?

"Mama, albasa Rejoice ta shafa," in ji Nehemiya.

"Ko barkono ne, ta dai yi!"

Maganar ta kai wa Godiya kafin tuwo ya huce. Ta rubuta masa: "Ka bi maganar Mama. Ni ba komai." Ta ci gaba da taka keke. Kujerar dai ba ta ɗauke ba.

Ya amsa: "Telata, an tashe ni sau ɗaya. Kar ki mayar da ni kabari."

Ta karanta, ta kife wayar.

Bayan sati, Mama Esta ta faɗo shagon, ko sallama babu.

"Ba ni tsinannen yadin nan. Ƙona shi zan yi."

Godiya ta miƙa mata hannu biyu. Tsohuwa ta warware shi don ta ga irin mugun abin da aka ƙunsa a ciki. Daga waje yadi ne mai kaushi, launin ƙasa. Daga ciki kuwa an shimfiɗe shi kaf da wani tsohon zane mai laushi, ankon zumuntar matan coci, irin wanda ita ma take da shi a ƙasan akwati.

"Wannan ba zanen Caroline ba ne? Na uwarki?"

"Shi ne, Mama. Yadin yana cizon fata. Na ga jikinsa ya yi ja ran gwaji."

"Wannan tsagar ta gefe fa?"

"Ƙofa ce. Zare ɗaya zai ja ya fito. Na wanda zai tashi ne, Mama, ba na mai tafiya ba."

Mama Esta ta zauna a kujerar nan da ba mai zama sai ɗanta. Ta daɗe tana shafa zanen.

"Shi kaɗai ya rage miki nata?"

"Shi kaɗai."

"Kika yanka."

"Na yanka."

Ba a ƙona komai ba ranar. An dai ga tsohuwa ta fito tana fyace hanci da gefen ɗankwali, wai mura.

Bayan girbi aka sa bikin Godiya da Nehemiya. Amarya ta iso ƙofar coci, tana saukowa daga mota zif ɗin rigarta ya ɓalle. Mata suka hau salallami. Mama Esta ta ture su gefe.

"Ku ba ni allura! Ke kuma ciji wannan tsinken tsintsiyar, shi ke karya tsiyar."

Ta hau ɗinki a jikin amarya, ido ba gani sosai. Allura ta zarce.

"Wash! Mama, da zafi!"

Godiya ta tsaya, ta ji abin da bakinta ya faɗa. Sai hawaye, shaaa, har hoda ta wanke. Nehemiya ya leƙo daga ƙofa a tsorace.

"Telata, lafiya?"

"Koma ciki, Gawa," ta ce, tana kuka tana dariya. "Ina zuwa."

Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya sa ɗinkin nan ya riƙe har tsufa.