Jinin Badaru

"Ka kira shi, Yaya Musaddiq, don Allah..."

"Ba zan kira ba! Duk faɗin ƙasar Daura a rasa mai jini sai tsohon mijinki?"

Zubaida, matata, ta sunkuyar da kai. A kan gadon asibiti Haulatu ke kwance, 'yarta ta fari, wadda na karɓa tun tana rarrafe. Mutane na ce mata agola. Ni bakina bai taɓa iya furta kalmar ba.

Da zazzaɓi abin ya fara, sai haɓo, sai tabo a jiki kamar an dake ta. Gwaggona ta ce kambun baka ne, aka yi rubutu da hayaƙi har muka gaji. A Katsina likita ya ce sankarar jini ce: ɓargon ƙashinta ke fitar da ƙwayoyin jini marasa ƙwari, suna danne masu kyau. Ba maye, ba laifin kowa. Aka fara ɗura mata magani mai ƙarfi, gashinta ya zube, jininta ya yi ƙasa. Nawa bai dace ba, na uwarta ma haka. Irin nata mai wuyar samu ne, irin na mahaifinta Badaru.

"Wato har yanzu kina da lambarsa?"

"Haba masoyina! Yarinya na hannun Allah kana kishi?"

Kishi nake yi kuwa, mai cin rai. Ni na goya ta zuwa allura, ni na koya mata Fatiha, amma ranar da ake neman uba sai jikina ya ƙi ni.

Haulatu ta buɗe ido da ƙyar. "Abba, sanyi nake ji..."

Ban kira shi ba. Da ƙafata na je.

A karar shanu ta Mai'adua na same shi. Badaru ya saurare ni yana kaɗa sanda, sannan ya ce, "Zan bayar, ko sau nawa ne. Amma in ta warke gidana za ta dawo. Ai ko gaban alƙali, ɗa na ubansa ne."

Na ji kamar in shaƙe shi. Sai na ce, "Na yarda."

Ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk zuwan da zai yi, Zubaida na ce masa "Allah ya saka da alheri," ni kuma in fita waje zuciyata na tafasa. Ina kallon jininsa na sauka a jikinta, leɓenta na yin ja, ina murna ina jin haushi.

Bayan shekara biyu likita ya ce cutar ta kwanta. Gashi ya fito har ya isa kitso.

Ranar tafiya Zubaida ba ta leƙo ba, kunyar 'yar fari ta riƙe ta a ɗaki. Ni da ba na cikin wannan kunyar, ni na yi mana kukan a soro, gaban Badaru.

Haulatu ta hau bayan babur ɗinsa, ta waiwayo.

"Abba, wa zai riƙa tuna mini shan magani?"

Na dubi Badaru.

"Babanki," na ce.

Shi ne karo na farko da na kira shi haka.