Itacen Bakin Kwalbati

Sanyin bara waccan a Gashuwa ba na wasa ba ne. Ka tsoma yatsa a randa da asuba, sai ka rantse reza ce ta yanke ka. To, a tsakiyar wannan sanyin Hamsatu, matar Dunoma, ta haifi 'ya mace, bakwaini, 'yar mitsitsiya da ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Ungozoma ba ta ɓoye musu ba: in ɗakin nan ya yi sanyi, yarinyar ba za ta kai ranar suna ba.

Ga wutar ɗumama ɗaki, ga ruwan wankan jego safe da yamma, duk itace suke ci. Dunoma kuwa ambaliya ta cinye masa shinkafarsa a fadama, itacen kasuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya riƙa ɗaura gatari a bayan keke, kullum bayan la'asar ya bi titin Nguru yana tsintar abin da Allah ya ba shi. Amma wa zai bar wa wani? An share gefen titi tas, har kututture an tone. Ɗanye kuwa in ka sara, 'yan gandun daji su raba ka da gatarinka.

Ran nan ya yi nisa fiye da kullum, bai samu komai ba sai 'yan ƙirare. Rana ta yi ja. A bakin wata kwalbati, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa, ya hango su. Itatuwan bagaruwa ne busassu, an sassare su tsayi ɗaya, an jera su gefe da gefe, yashi ya rufe rabinsu.

Za ka ce mai hankali ai sai ya tambayi kansa, wa ke sara itace ya jera a daji ya tafi? Wanda ya baro jaririya tana karkarwa a gida ba ya irin wannan tambayar. Ni dai wallahi ban ga laifinsa ba.

Ya finciko na farko. Wani wari ya taso, na ƙasa mai danshi da ta daɗe a rufe. Ƙarƙashin itatuwan akwai rami, baƙi ƙirin, bai tsaya leƙawa ba. Ya kwashe su duka. Yana cikin ɗaurewa ya lura tsuntsayen cikin ciyawar kacala sun yi tsit. Sai ya ji an ja numfashi a bayansa, irin na mai barcin da aka yaye wa bargo.

Ya waiwaya. Ba kowa. Ya hau kekensa.

An idar da magariba ya isa gida. Ya jefa biyu a kaskon wuta, suka kama nan take. Amma wutar ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, harshenta fari fat.

Hamsatu ta ja mayafi. "Malam, ƙofar a buɗe ka bar ta?"

A rufe take. Dunoma ya miƙa hannu kan wutar, ya janye da sauri. Sanyi ne ke fitowa daga cikinta. Jaririyar ta daina motsi, leɓenta ya fara duhu.

Inna Suwaibatu, ƙanwar mahaifiyarsa da ta zo zaman jego, ta ɗauki ɗaya daga sauran itatuwan ta juya shi a hasken fitila. Gefe guda duk busasshiyar laka ce, da shatin yatsu a jiki, da ganye a manne.

Ta rage murya. "Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

"A bakin titi, Inna. A jere na same su."

"Innalillahi. Wannan ai yaɓen hannu ne. Ina ake jera itace a yaɓe da laka, in ba kan mamaci ba? Kabari ka yaye."

Inna ta zaro itacen daga wuta ta kashe da ƙasa, amma ɗaya ya riga ya zama toka. Ta aika aka ɗebo garwashi a maƙwabta. Ana shigowa da shi ɗakin ya mutu murus. Ta cusa jaririyar cikin ƙirjinta, ta ɗaure da zane.

"Mayar masa da rufinsa yanzu. In ka jira gari ya waye, ba kabari ɗaya za ku rufe ba."

Hamsatu ta kafe shi da ido. Kallon nan ne ya fitar da shi.

Titin ba kowa. Wata tirela ta wuce shi ta nufi Nguru, ƙararta ta yi nisa, ta ɓace. Ya jingine keke a kwalbatin, ya kunna tocilan wayarsa, ya sauka da itacen a ka, gatari a kafaɗa.

Tun kafin ya ƙarasa ya ji.

Kaf-kaf-kaf-kaf.

Haƙora ne ke kaɗawa, daga cikin ramin.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tunda uwarsa ta haife shi. Ya durƙusa. Ya kawar da kai daga ramin, ya fara jerawa, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Duk wanda ya ɗora, kaɗawar sai ta ragu. Ya ɗora na ƙarshe, mai baƙin ƙuna.

Saura kafa ɗaya, wajen kai.

Tocilan ta mutu.

"Saura," aka ce, can ƙasa, a hankali.

"Ya ƙone," in ji Dunoma. "Ban sani ba. Don Allah ka yafe."

"Sanyi."

Ya lalubo bakin kafar zai toshe da yashi. Aka kama wuyan hannunsa na dama.

Yatsu ne, busassu.

Sanyi ya ratsa ƙashi, ya haura gwiwar hannu, ya nufi kafaɗa.

Ana jan sa ƙasa.

"Jaririya gare ni," ya ce yana kuka. "Ita ma sanyi take ji."

Jan ya tsaya. Ba a sake shi ba.

Da hagu ya lalubo gatarinsa, ya kwantar da ƙotar a kan kafar. Ya tuɓe rigar sanyinsa da ƙyar, ya zame ta bisa hannun, ya cusa a gefe.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Ya tura yashi da ƙafa, da ƙirji, da duk abin da ya samu. Sannan ya zura da gudu, ko keken bai tuna ba.

Da ya faɗa gida, garwashin maƙwabta na ci ja wur a kasko, jaririyar tana shan nono.

Washegari ya koma da liman da mutanen ƙauyen kusa, suka gyara kabarin yadda ya kamata. Suka ce wani matafiyi ne mota ta buge, ba wanda ya san sunansa ko garinsu, suka yi masa sutura a wurin. Gatarin yana ciki har yau, Dunoma bai yarda an ciro ba.

Yarinya ta rayu, aka sa mata Khairat. Amma hannun daman Dunoma bai sake ɗumi ba. Ko a zafin bazarar Gashuwa, da kwalta ke narkewa, in ka gaisa da shi sai tsigar jikinka ta tashi. An yi rubutu, an yi tofi, an je asibiti, shiru. Ranar suna ya miƙa hannun daman ya shafa kanta, ta tsala ihu har ta shiɗe. Bai ƙara ba.

Yanzu tana tafiya, har da gudu. In ta hango babanta ya shigo ta rugo da hannuwa a buɗe, sai ya yi maza ya ɓoye damansa a baya, ya tare ta da hagu.